Alama Daidai Ƙugu

Ku yi haƙuri, yau babu doguwar gaisuwa. Tun ɗazu nake ɗaukar waya in rubuta muku, in ajiye, in tashi in zagaya ɗaki, in dawo in sake ɗauka. Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Coralie, shekarata ashirin da takwas, ina aiki a kantin magani a nan Alma, kuma saura wata uku a ɗaura mini aure da Renaud Boivin. Masu turo mini saƙo kuna cewa na fiye ƙorafi, wai mace ta samu saurayin da yake gina mata gida da hannunsa me kuma take nema, ku karanta wannan tukuna sai ku dawo mu yi magana.

Daga injin shara abin ya faro. E, injin shara. Ku yi dariyarku, ni ma da farko na yi.

Gidan da Renaud yake ginawa a hanyar Saint-Gédéon ya kai inda aka gama kafa katako, aka ja wayoyin lantarki, amma bango duk a buɗe yake, kana tsaye a falo kana hango banɗaki ta tsakanin katakai. Ranar Litinin masu rufe bango za su zo. Kafin nan dole a shimfiɗa bututun injin shara na cikin bango, don in aka rufe sai dai a fasa. Shi injin a rataye shi waje guda, bututu ya ratsa gidan, a bar masa baki nan da can a jikin bango inda za ka soka tiyo ka yi shararka. Renaud ya ce wannan zaɓin nawa ne ni kaɗai, tunda shi ya zaɓi rufi da tagogi. Har daɗi na ji, kun ga wautata.

Sai kuma ɗayan wa'adin, wanda ya fi hana ni sukuni. Ina zaune a ɗaki biyu na haya a hawa na uku, ni da kyanwata Biskit. Idan ban miƙa wa mai gidan takardar tashi ba kafin Juma'ar nan ta fita, talatin da ɗaya ga Maris, hayar ta sabunta kanta ke nan har shekara guda. Takardar tana cikin jakata tun mako biyu, na sa hannu, na naɗe ta uku. Kullum sai in ce gobe.

Ranar Lahadi muka je cin abincin rana wajen Mama kamar kullum. Ban ko cire takalmi ba, hannuna yana cikin kwandon silifas ɗin saƙa da take ajiye wa baƙi a bakin ƙofa, ta leƙo daga kicin.

"Kin kai takardar?"

"Ina wuni, Mama."

"Lafiya lau. Kin kai?"

"Sai Juma'a fa, Mama."

"Juma'a ce ranar ƙarshe, ba ranar farawa ba. Ki ɗauki shuɗin, jan na Renaud ne."

Mahaifiyata sunanta Lisette. Tun rasuwar Baba ita kaɗai ce a gidan, yayana yana can Alberta, sai Kirsimeti yake tunawa yana da uwa. Bara ta zame a kan ƙanƙara a bakin coci, ƙugunta bai koma daidai ba har yau, amma kada ka kuskura ka miƙa mata hannu, harara za ka sha. Ranar tana sanye da farar rigarta mai kwala da ɗan kunnen lu'ulu'u, an ɗaura atamfar girki a kai, babu ɗigon mai ko ɗaya a jikinta duk da tun jiya take kan tukunyar tourtière, gashin naman nan da ake rufewa da kwaɓin fulawa. Ƙanwarta Inna Réjeanne tana gefe tana yanka burodi, bakinta kuwa ya fi wuƙar aiki.

"Ɗiyata, me kike riƙewa a wancan kejin? Matakala arba'in da biyu, na ƙirga, sai da na zauna sau biyu. Ga gida sabo fil, ga miji kamar an yi oda, ke kina jan ƙafa."

"Ba jan ƙafa nake ba, Inna."

"To rawa kike?"

Renaud ya shigo daga baya da akwatin kayan aikinsa, wai famfon Mama yana ɗiga. Ya sumbace ta a kumatu biyu, ya ce, "Mama, ƙanshin nan tun daga kwanar titi ya tare ni." Haka yake kiranta, Mama. Tasa ta rasu yana ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma tun ranar da na fara kawo shi gidan nan suka ɗinke da tawa. Faranti uku ya ci, tana tsaye a kansa tana ƙara masa tana cewa ya rame.

Ana kwashe kwanuka sai ga Mama da takardun talla na injinan shara, har guda huɗu, ta bi su da biro ta zagaye wasu ta soke wasu.

"Mai jaka za ku saya. Marar jakar nan ƙazanta ce, ka juye bokiti ƙura ta dawo maka fuska. Kuma a fitar da iskarsa waje. Kuma babban nan, ba ƙaramin ba."

"Mama, mu biyu ne da kyanwa. Babban nan ai na otal ne."

"Gida girma yake yi."

Renaud ya sunkuyar da kai yana goge farantin da babu komai a cikinsa. Inna ta tashi wai za ta duba ruwan shayi. Ni kuwa uwar wayo na ɗauka maganar haihuwa ake yi, har kunya ta kama ni na ce, "Kai, Mama!"

Bari in gaya muku wani abu game da ni da mahaifiyata, don kada ku ɗauke ni marar imani. Ina sonta. In ta yi tari a waya sai na kasa cin abinci. Amma a gidanta na tashi ban taɓa zama a kujera ba tare da na waiwaya na gyara matashin ba. Tun ina shekara takwas, kowace Asabar ƙarfe bakwai na safe tiyo yana kafaɗata, ina ja daga ɗaki zuwa ɗaki, in na gama ta bi bayana da yatsa a saman ƙofa, ta ɗago ta nuna mini ba ta ce komai ba. Da lokacin sanyi ya wuce a wanke bango, a wanke silin, a wanke har cikin durowa. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa duka na ba. Yatsan nan ne kawai. Sai da na kai ashirin da shida na iya fita. Ranar da na tare a ɗakina na sha shayi na bar kofin a kan tebur har kwana biyu, in zo wucewa in gaishe shi. Ɗakin nan labulensa rawaya ne, bai dace da komai ba, gashin Biskit yana kan kowace kujera, kuma nan ne kaɗai a duniya nake numfashi har ƙasan ciki. Na yarda in bar shi ne saboda na ɗauka inda za ni ma nawa ne.

Ranar Alhamis da safe na ɗauki izini a wurin aiki na tafi gidan, don mai shimfiɗa bututu yana jirana. Ƙanƙara ta fara narkewa, hanyar duk caɓi, na sa dogon takalmin roba da jar rigar sanyina, na tura gashina cikin hula. Baba Normand na tarar a ƙofa yana shan kofi daga murfin fulas. Ya haura sittin, gajere, gashin baki fari, jan alli a maƙale bayan kunnensa. Shi ya sa wa Mama nata injin tun kafin a haife ni, kuma ba ya barin kowa ya manta.

"'Yar Lisette! Shekara talatin da ɗaya injin uwarki yana aiki, ko tari bai taɓa yi ba. Kin san dalili? Saboda ta tsaya ta amsa tambayoyina. Na yanzu sai su ce Baba sa ko'ina, daga baya su zo suna kuka tiyo bai kai bayan gado ba."

Ya miƙo mini igiya mai ƙulli a bakinta.

"Tsawon tiyonki ke nan, ƙafa talatin da biyar. Ni zan riƙe nan a jikin alama, ke ki ja ki tafi har lungun da ya fi nisa. Kada ki ratsa ta cikin katako, ran Litinin nan bango ne. Ki bi ta ƙofa kamar mutum."

Haka muka yi ta yi. Ina ja, ina zagaye wurin da gado zai zauna, ina shiga wurin ajiye tufafi, shi yana daga can yana ihu, "Ya kai?" in ce ya kai, ko in ce saura taku biyu, sai ya goge alamar da hannun rigarsa ya matsar. Yana yi yana tambaya. Wa yake riga tashi da safe? Da hannun dama nake aiki ko hagu? Kyanwar tana tsoron ƙara? Ina son ƙaramin baki a ƙasan kabad ɗin kicin, wanda za ki taɓa da ƙafa ki share ɓurɓushin burodi ya zuƙe? Na ce ina so, sosai ma. Ina son tiyon da ake ratayewa, ko wanda bango yake haɗiye shi in an gama? Na ce wanda bango yake haɗiyewa, na gaji da ɗaukar tiyo a kafaɗa. Duk inda muka daidaita sai ya durƙusa ya yi gicciye da jan alli a jikin katako, daidai gwiwa, layi ɗaya da wurin soka wayar lantarki.

Wallahi na ji daɗin safiyar nan. Karo na farko ke nan da na ji gidan ya fara zama nawa. Har na tsaya a inda kicin zai kasance na ɗauki hoton igiyar na tura wa Renaud da alamar zuciya.

"Saura ƙasa," Baba Normand ya ce.

Rabona da sauka hawan da ke ƙarƙashin gidan tun Janairu, lokacin babu komai sai siminti. Renaud ya ce mini wurin kallon wasan hoki ne da ajiye tarkacensa, ni kuwa me zai kai ni. Muka sauka. Na tarar an yanka wurin ɗaki-ɗaki da katako. Ga bututun ruwa ya leƙo a wani lungu, biyu, na zafi da na sanyi, a tsayin wurin wanke kwanuka. Ƙofar banɗakin ta fi ta sama faɗi. Ga wata ƙofa da ke fita kai tsaye zuwa bayan gida inda ƙasa ta gangara, babu matakala ko ɗaya. Na ce a raina Renaud da son ƙawa. Sai idona ya sauka kan jan alli. An riga an yi gicciye biyu a nan, ba ni na zaɓa ba, kuma ba daidai gwiwa suke ba. Daidai ƙugu suke.

"Baba Normand, a nan allin ya kufce maka ne? Waɗannan sun yi sama."

"Ni alli ya kufce wa? Shekara arba'in ina wannan aiki, yarinya. Na sama daidai gwiwa, ku masu ƙashin roba. Na nan daidai ƙugu, don kada Lisette ta riƙa sunkuyawa. Ai da kanta ta zo ranar Talata, ta tsaya a jikin katakon nan na auna ta. Shi ya sa ma injin zai koma gareji, ta ce tana ɗan kishingiɗa da rana, ba ta son ƙara a kanta. Kuma kin ga dole babban, tunda gida biyu zai ja."

Igiyar tana hannuna. Na ji ina naɗe ta a yatsuna, ina naɗewa, har ta fara cin fatata.

"Mama ta zo nan."

"Ita da Renaud da Réjeanne. Har ta kawo mini..." Sai ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi alamar. Ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. "Ba ki sani ba."

Na ci gaba da naɗe igiyar.

"Kai, Normand, bakinka," ya faɗa wa kansa. Ya karɓi igiyar daga hannuna a hankali kamar mai karɓar wuƙa a hannun yaro. "'Yata, ni bututu na sani, ban san sauran ba. Amma ga yadda aikina yake. Asabar da safe nake sa gam, shi kuwa in ya kama ya kama, ba ya jin ban haƙuri. Ke aka ce mini ce mai zaɓi. Kafin Juma'a da yamma ki turo mini: na ƙasan nan daidai ƙugu, ko daidai gwiwa, ko kada in sa ko ɗaya."

A mota na zauna na ɗauko waya. Renaud ya amsa hoton igiyar da zuciya uku. Na rubuta masa:

"Wa zai zauna a ƙasa?"

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Kina ina, Coco?" Haka yake kirana.

"Na tambaye ka."

"Ki zo gareji, ina da hutun rabin awa. Don Allah kada ki kira Mama tukuna."

Kun ji ko? Ba "ki yi haƙuri" ba. Kada in kira Mama.

Renaud makanike ne a garejin motocin kwashe ƙanƙara. Ya fito da kayan aikinsa shuɗi, baƙin mai har gwiwar hannu, ya shigo motata ya zauna a gefen kujera don kada ya ɓata ta. Ko a wannan hali sai da na lura da haka, kuma sai da abin ya taɓa ni, na ji haushin kaina.

"Da ma zan gaya miki."

"Yaushe?"

"In an rufe bango. In kin ga yadda wurin ya yi kyau."

"In an rufe bango, in na kai takarda, in ba ni da wurin komawa."

"Haba, Coco, ba haka ba ne."

"To yaya ne? Gaya mini, ina ji."

"Ba ta iya hawa matakalar gidanta. Kin san a falo take kwana tun Disamba? Na je gyara mata abin ɗumama ɗaki na tarar da bargo a kan doguwar kujera. Ta roƙe ni kada in faɗa miki."

Ban sani ba. Ni da nake zuwa duk Lahadi, ni da nake kai mata maganinta da hannuna, ban sani ba.

"Ƙofarta daban, kicin ɗinta daban," ya ci gaba. "Ba za ta hau sama ba sai kin kira ta."

"Renaud, ka san Mama kuwa? Da sanda za ta hau, da rarrafe za ta hau, ta shafa saman ƙofata."

"To sai me? Ta shafa mana! Ni da za a dawo mini da tawa uwar, wallahi ta shafa har cikin kunnena ban damu ba. Ke kina da ita a raye kina gudunta."

Nan ya kai ni bango. Na ce masa abin da ban taɓa zaton zan faɗa ba: "Ni kake so ka aura, ko uwa kake nema?" Fuskarsa ta canza. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya rufe ta a hankali, ya tsaya a cikin caɓi yana kallona har na ja mota. Na yi nadamar maganar tun kafin in kai titi, amma ban janye ta ba, don har yanzu ban san amsarta ba.

Saƙonnin Inna Réjeanne suka fara shigowa da la'asar, wato labari ya kai. "Ɗiyata, uwa fa guda ce." Bayan minti biyu: "Yayanki ba shi da amfani, kin sani." Sai kuma: "Kada ki ba mu kunya, an riga an kama zauren biki." Sai hoton Mama tana riƙe da ni ina jaririya. Na kife wayar, Biskit ta hau kanta ta kwanta.

Yau Juma'a na tashi aiki ƙarfe biyu na wuce gidan Mama ban sanar ba. Na buɗe da makullina. Abin da na fara cin karo da shi tiyo ne, a miƙe a tsakar falo, bakinsa a soke a bango. A gidan Lisette, da rana tsaka, tiyo a yashe a ƙasa. Ita kuma tana kicin da tsohuwar rigar Baba, ta ɗaura tsumma a kan sanda tana wanke bango iya inda hannunta ya kai. Ga bargo a ninke a hannun doguwar kujera.

Ta juyo ta gan ni, ta dubi ƙafata.

"Takalmi."

Na cire. Kun ga irin abin da nake faɗa muku? Na zo da wuta a cikina, amma sai da na cire takalmi na sa shuɗin silifas.

"Normand da surutu," ta ce. "Tun yana saurayi haka yake."

"Me ya sa tiyo yake ƙasa, Mama?"

"Réjeanne ke zuwa ta soka mini da safe, ta dawo da yamma ta cire. Ba na kaiwa." Ta faɗi haka tana kallon bango.

"Sai ki ce mini. Sai mu nemo mai taya ki, ko a sa miki gado a ƙasa, ko..."

"Na sayar da gidan."

Na nemi kujera na zauna.

"Ɗan maƙwabtanmu da matarsa. Mun sa hannu tun Fabrairu. Ɗaya ga Yuli za su shigo, ranar da duk garin nan ake sauya gida. Shi ya sa nake wanke musu bango, ba zan bar wa mutane ƙazanta ba."

"Kin sayar da gidan Baba, kin tsara ɗaki a gidana, kin je an auna ki a jikin katako, duk ban sani ba. Inna ta sani. Renaud ya sani. Har Baba Normand ya sani. Ni 'yarki, me na yi miki?"

Ta jingina sandar. Ta daɗe tana matse tsumman a bokiti, ruwan ya ƙare tana ta matsa.

"Ranar da kika tashi daga gidan nan, ina tsaye a tagar can. Kina shiga mota kina waƙa, Coralie. Ban taɓa jin kin yi waƙa a cikin gidan nan ba." Ta shanya tsumman a bakin bokiti, ta daidaita gefensa. "Na san abin da za ki ce in na tambaye ki. Renaud na tambaya, saboda shi in ya ce a'a zan iya ɗauka."

Jama'a, na yi kuka. Ita ba ta yi ba, ta miƙo mini tsumma mai tsabta daga durowa, ta ce kada in goge da hannun riga. Na so in rungume ta, na so in fasa mata faranti, duka biyun a lokaci guda. Na durƙusa na zare tiyon daga bango, na naɗe shi yadda ta koya mini, na rataye. Da zan fita ta biyo ni har ƙofa tana dafa bango.

"Yau ce Juma'a," ta ce a hankali.

"Na sani, Mama."

Ƙarfe huɗu da rabi na iso gida. Mai gidan hayata, tsoho Ovide Lapointe, yana waje da shebur yana watsa tulin ƙanƙarar ƙofar gida a kan kwalta don ta yi saurin narkewa. Na zauna a mota na fito da takardar. Ta yi laushi saboda naɗewa da buɗewa. Waya ta yi ƙara, saƙon Baba Normand ne.

"'Yata, ina loda mota. Ƙugu, gwiwa, ko babu?"

Na kalli tagata a can hawa na uku, rawayan labulen, Biskit a zaune tana jirana. Na tuna Mama tsaye a jikin katako da ɗan kunnen lu'ulu'unta, ta miƙe jikinta ana auna ta. Ɗaya ga Yuli ba ta da inda za ta sa kai. Wannan kam ba zan iya ba, ko me ta yi mini.

Na rubuta: "Ƙugu. Kuma babban injin, mai jaka, a gareji."

"Allah ya yi miki albarka," ya amsa.

Na fito daga mota. Baba Ovide ya dogara da shebur yana haki.

"'Yar hawa na uku! An ce amarya za ki zama. Akwai wata takarda da za ki ba ni? Yau ce fa, ina da masu jira har mutum uku."

Takardar tana hannuna, yana ganinta. Na mayar da ita cikin jaka na ja zif.

"Babu, Baba. Ina nan."

"Shekara guda ce fa, kin sani."

"Na sani."

Na hau matakala arba'in da biyun nan. Ban cire takalmi ba na zauna a kan gado, na rubuta wa Renaud: "Na ce a sa na Mama daidai ƙugu. Za ta tare ɗaya ga Yuli. Ni ban kai takardar ba, hayata ta sabunta."

Ya karanta nan take. Minti bakwai yana rubutu yana gogewa, ina kallo. Da saƙon ya zo, layi ɗaya ne.

"To wa zai zauna a sama, Coco?"

Zoben yana yatsana, na juya shi ya fi sau goma. Na rubuta "Ban sani ba," na tura. A duk makon nan, cikinmu mu huɗu, wannan ce gaskiya ta farko da wani ya faɗa wa wani bai jira sai an rufe bango ba.